Nasihar Juma'a: Sabo Turken Wawa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya mu har muka ga wannan Juma'a. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Nasiharmu ta wannan mako a kan sabo ce, wato sabawa da abu har mutum ya daina ganinsa. Unguwar nan tamu sunanta Sabo. Tun a 1916 aka keɓe ta a nan Ibadan domin kakanninmu fataken shanu da na goro, kuma ta samo sunanta ne daga sabon wurin zama. Yau ta haura shekara 100, sabuntar ta tafi, sunan ya rage. A rubuce kuwa, sunan unguwar da sabo na sabawa ɗaya suke, sai a baki ake rarrabe su. In ka ɗan lanƙwasa harafi ɗaya kuma, sai ya koma saɓo, wanda muke neman tsarin Allah daga gare shi. Tazarar da ke tsakanin sabo da saɓo a rayuwa ma ba ta fi haka yawa ba.

Magabata suka ce sabo turken wawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ake nufi. Akuyar da ta daɗe a turke, iyakar duniyarta inda igiya ta tsaya. Ta cinye ciyawar wurin har ƙasa ta fito, ga ɗanyar ciyawa taki biyu gaba, amma ko an kwance ta sai ka ga tana zagaya turken. To, ɗan Adam ma yana da nasa turken: shimfiɗa, waya, shago, teburin mai shayi, shimfiɗa. Asabar ta zo ta wuce, Juma'a ta zagayo, azumi ya zo, layya ta wuce, furfura ta fito, mutum yana nan yana zagaye.

Idon baƙo

Waɗanda ba a nan aka haife su ba, kowa ya tuna ranar da mota ta fara sauke shi a garin nan. A ranar babu abin da ya wuce idonsa. Ya ga rufin kwano jajaye har iyakar gani, ya ga tuddai, ya ga ruwan sama yana sauka a watan da ko hadari ba a fara gani a gida ba. Kunnensa a buɗe, yana tsintar kalmar Yarabanci ɗaya-ɗaya yana ajiyewa. Wanda ya ba shi wurin kwana a daren farko, har yau bai manta fuskarsa ba. In ya samu cinikin farko sai ya ce alhamdulillahi, kuma har cikin zuciyarsa yake faɗa. In ya ɗaga hannu bayan sallah ya san abin da yake roƙo, domin ba shi da kowa sai Allah.

Wannan shi ne idon baƙo, kuma ni'ima ce. Ya zo a cikin Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya dafa kafaɗar Abdullahi ɗan Umar (RA), ya yi masa wasiyya da ya zauna a duniya zaman baƙo ko na mai wucewa a hanya. Mu da muke zaune a kurmi mun fi mutane da yawa damar gane wannan wasiyya, domin mun ɗanɗani baƙunci da jikinmu. Baƙo yana lura, yana godiya, yana taka-tsantsan da haƙƙin mutane, kuma ba ya manta cewa akwai ranar komawa. Abin tambaya shi ne, bayan shekara biyar, goma, ashirin, ina idon nan ya tafi? Sabo ne ya rufe shi.

Alƙur'ani yana kiran wannan hali gafala. A ƙarshen Suratu Yusuf Allah Ya ba da labarin mutanen da suke wucewa ta kan ayoyi masu yawa a sama da ƙasa suna kawar da kai. A Suratus Saffat kuma Ya tunatar da Ƙuraishawa cewa suna ratsa kufan mutanen Annabi Luɗu (AS) da safe da kuma da dare, Ya tambaye su ko ba sa hankalta. Su wane ne Ƙuraishawa? Fatake ne kamar mu, masu tafiyar hunturu zuwa Yaman da ta bazara zuwa Sham. Hanyar Sham ta zama musu hanyar ciniki kawai, har garin da aka kife ya koma musu alamar zango.

Mu ma muna da tamu hanyar. Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, har a kai gida. Sau nawa muka haye kogin Kwara a kan gadar Jebba? A karon farko kowa leƙawa ya yi, ya ce subhanallahi. Yanzu a kan gadar ana barci ko ana lissafin kuɗin mota. Sau nawa muka wuce tirelar da ta kife a gefen titi, kaya a warwatse, muka ce Allah Ya kyauta da baki, ba tare da zuciya ta ce da ni ne fa? Wanda ya yi wannan hanya sau hamsin ya sauka lafiya, an ba shi kyautar rai sau hamsin. Sau nawa ya yi sujadar godiya?

In sabo ya shiga ibada

Malaman fiƙihu sun ce ɗaya daga cikin ayyukan niyya shi ne rarrabe ibada da al'ada. Mai wanka don zafi da mai wankan janaba ruwa ɗaya suka zuba, niyya ce ta raba su. Haka wanda ya ƙi cin abinci don ciwon ciki da mai azumi. To, ashe ibada tana iya zamewa ta koma al'ada in zuciya ba ta halarta ba. Mutum ya yi kabbara, ya yi sallama, a tambaye shi wace sura liman ya karanta, sai ya yi ta sosa ƙeya. Surori biyu ko uku da ya haddace tun yana makarantar allo, su yake ta maimaitawa shekara talatin, harshe na gudu, zuciya na shago.

Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana abubuwa uku a sallah: sujada mai kama da saran hankaka, wadda mu muke kira koton kurciya, da shimfiɗa hannuwa irin na namun daji, da kuma mutum ya kama wuri ɗaya a masallaci ya mai da shi nasa kamar yadda raƙumi ke kama makwancinsa. Ku duba na ukun nan da kyau. Ba mu rasa wanda in ya shigo ya tarar da wani a jikin ginshiƙin da ya saba, sai ransa ya ɓaci har a idar da sallah. Wurin ya zama turke ke nan.

Hakim ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa imani yana tsufa a cikin ƙirjin mutum kamar yadda tufa ke tsufa, aka kuma umarce mu da mu roƙi Allah Ya sabunta mana shi. Masu sayar da yadi da shadda sun san yadda tufa ke tsufa. Ba rana ɗaya take yagewa ba. Wanki ne yau, rana gobe, har launi ya koɗe, mai rigar kuwa shi ne na ƙarshen lura, domin kullum yana ganinta.

Addini da kansa yana katse mana sabo

In muka duba shari'a da kyau za mu ga Allah, saboda rahamarSa, Ya shirya mana wuraren tsinka igiya. Sau biyar a rana ladan yana tayar da mu daga abin da muke ciki. Sau ɗaya a mako an ce in an kira sallar Juma'a a bar ciniki. Akwai darasi a ayar ƙarshe ta Suratul Jumu'a: Jabir (RA) ya ba da labari cewa wani ayari ya iso Madina da kayan abinci Annabi (SAW) yana tsaye yana huɗuba, mutane suka watse zuwa wurin ayarin har saura mutum 12. Idan ƙarar isowar kaya ta iya ja mutanen wancan zamani, ina ga mu da wayar da ke rawa a aljihu liman yana kan mumbari?

Sau ɗaya a shekara azumi yana birkita mana lokacin ci da na barci wata guda cur, sai ga mai kuɗi ya san yunwa, sai ga kofin ruwa ya zama abin marmari. A goman ƙarshe kuma ga i'itikafi, mutum ya bar shago da gida ya tare a masallaci. Sau ɗaya a rayuwa ga aikin Hajji, inda alhaji zai tuɓe babbar riga da hula ya ɗaura ƙyalle biyu marasa ɗinki, a rasa gane maigida da yaronsa.

Har a ƙananan abubuwa haka sunna take. Bukhari ya ruwaito cewa ranar Idi Annabi (SAW) yakan tafi ta wata hanya ya dawo ta wata. Malamai sun ambaci hikimomi a kan haka, daga ciki har da gaisawa da mutanen hanyoyin biyu da biyan buƙatar mabuƙatansu. A sallar roƙon ruwa ya juya mayafinsa, malamai suka ce fata ne Allah Ya juya halin da ake ciki daga fari zuwa damina. Tun kafin a aiko shi ma, yakan bar hayaniyar Makka ya keɓe a kogon Hira darare masu yawa, kuma a can wahayi ya fara sauko masa.

Daga cikin malamai, ku dubi Imam Gazali. A shekara ta 484 bayan Hijira aka ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 suna zama gabansa, masu mulki suna girmama shi. Bayan shekara huɗu ya binciki niyyarsa, ya ga neman suna da matsayi ya cakuɗa da karantarwar. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo, yau ya ƙudurta tafiya gobe ya fasa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. A ƙarshen 488, wato 1095, ya tanadar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya fita zuwa Dimashƙa, daga nan Baitul Muƙaddas, sannan Makka da Madina. A wannan tsakani ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, littafin da har yau ake karantawa a zaurukanmu. Abin lura, ba giya ko caca ya bari ba. Karantarwa ce, aikin alheri, amma sabo da yabon mutane sun shiga ciki har sai da ya ja da baya kafin ya ga haka.

Kada a fahimce mu a karkace

Ba cewa muke kowa ya rufe shago ya shiga daji ba. Hanzala (RA), ɗaya daga cikin marubutan Annabi (SAW), ya taɓa zargin kansa da munafunci, saboda a majalisin Annabi yakan ji kamar yana ganin Aljanna da wuta, amma in ya koma cikin iyali da dukiya sai ya manta da yawa. Abubakar (RA) ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar, Annabi (SAW) ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa ɗan Adam ba mala'ika ba ne, kowane lokaci da abin da ya dace da shi. Muslim ne ya ruwaito. Neman halal ibada ne, ciyar da iyali sadaka ce.

Haka kuma ba kowane sabo ake karyawa ba. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda ya saba da sahun farko, ko walaha, ko karatun izu ɗaya kullum, ya riƙe abinsa da kyau. Kuma ba a ƙirƙiro sabuwar ibada don an gaji da tsohuwa. Raka'o'in Azahar huɗu ne har a tashi duniya. Abin da muke magana a kai shi ne al'adun da muka ɗora wa kanmu, ba Allah Ya ɗora mana ba, waɗanda suka cinye lokacinmu suka kuma rufe mana ido. Ga wasu wurare shida da za mu iya farawa.

Na farko, farkawa. Da yawanmu abin da hannu ke fara laluba da asuba waya ce. Kafin a ambaci Allah an riga an duba farashin dala, an saurari saƙon murya goma a WhatsApp, an ga hoton wani bala'i da ba a tabbatar ba, zuciya ta cika kafin a yi alwala. Mu gwada kwana bakwai: waya ta kwana nesa da matashi, kada a taɓa ta sai an dawo daga masallaci an yi azkar. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhrul Gamidi (RA), ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe, ya kuwa yi arziki mai yawa. Albarkar safiya tana nan, sai dai a ga wa muka fara ba ta.

Na biyu, bakin ciniki. Wallahi ban saya haka ba. Na rantse ko uwar kuɗi ban mayar ba. Wannan magana ta zama kamar gaisuwa a bakinmu, mai faɗa bai ji ya yi rantsuwa ba, mai saye bai ji an rantse masa ba, sunan Allah ya zama abin cike zance. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka. Mu ɗauki yini ɗaya, daga buɗe shago zuwa rufewa, babu wallahi ko ɗaya. Wanda ya gwada zai sha mamakin sau nawa harshe zai so kuɓucewa, a nan ne zai san zurfin turken. Haka batun mudu da sikeli da jera kaya. Manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Tsohon wake a cakuɗa da sabo. Ɗan canji ya lura baƙo bai san farashin yau ba ya yi shiru. In an yi magana sai a ce ai haka kasuwa take. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai kayan don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Wata rana ka fito daga bayan teburinka, ka tsaya inda mai saye ke tsayawa, ka dubi kayanka da idonsa. Za ka yarda a sayar maka haka?

Na uku, gida. Akwai magidancin da ke fita yara suna barci ya dawo suna barci. Bayan Isha sai majalisa, ko gidan kallon ƙwallo, har sha ɗaya ko sha biyun dare. Ya san wanda ya ci wasan jiya a Ingila, bai san izun da ɗansa yake ba. Uwargida kuwa an ɗauko ta daga cikin danginta a Kano ko Sakkwato ko Katsina, an kawo ta garin da ba ta jin yaren mutanensa, an ajiye ta a ɗaki ɗaya, babu uwa kusa babu 'yar uwa. Kuɗin cefane yana zuwa, amma wa take hira da shi? An tambayi Nana A'isha (RA) abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Salmanul Farisi (RA) ya tunatar da ɗan uwansa Abud Darda'i (RA) cewa Ubangiji yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. To, idan mai yawan nafila aka ja wa kunne haka, ina ga mai yawan hira? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Dare biyu a mako, Alhaji, ka wuce majalisa ka shiga gida. Ku ci abinci a kwano ɗaya da yara. Ka ce wa ƙaramin ya biya maka allonsa. Ka tambayi babban su wa yake yawo da su. Za ka ji abin da ba ka taɓa zato ba, mai daɗi da marar daɗi, kuma gara ka ji shi yanzu daga bakinsu.

Iyayenmu mata, ku ma akwai naku. Fim bayan fim a waya, da hirar wance ta ce wance ta yi a tsakar gida, suna cin yini guda ba a sani ba. Islamiyyar matan aure tana nan. Wadda ta yi shekara tana cewa sai yaro ya yi wayo, ta sa hijabi wannan makon ta je ko sau ɗaya ne, maigida kuma ya ba da izini da kuɗin littafi.

Na huɗu, maƙwabta. Mun saba daga Bahaushe sai Bahaushe: a shago, a masallaci, a wurin suna da ɗaurin aure. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin Yarabanci kamar ruwa, amma a cikin waɗanda suka zo da girmansu akwai mai shekara goma sha biyar da bai wuce kalmomin ciniki ba, kuma bai san sunan Bayaraben da suke katanga ɗaya ba. Allah Ya gaya mana a Suratul Hujurat cewa Ya yi mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Annabi (SAW) ya sa Zaidu ɗan Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kusan rabin wata. Abdullahi ɗan Amru (RA) an yanka akuya a gidansa, yana dawowa ya dinga tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kafa hujja da yadda Jibrilu (AS) ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Balle kuma da yawa daga maƙwabtanmu Musulmi ne, alƙibla ɗaya muke kallo. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ba, yadda ƙaramar sa-in-sa ta zama wutar da ta ci rayuka da shaguna da gidaje. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye gaba. A irin wannan rana ba a fara ƙulla maƙwabtaka, wadda aka ƙulla tun ana zaman lafiya ita ke amfani. Ka gai da maƙwabcinka da harshensa gobe da safe. Ka aika masa da tuwo ko naman layya. Wata rana ka yi La'asar a masallacin Yarabawa na bayan layinku. Ka canza hanyar zuwa kasuwa ko sau ɗaya a mako, ka ga su wa ke zaune a ɗaya layin.

Na biyar, asibiti da maƙabarta. Mun saba kallon wanda ya fi mu: wane ya sayi mota, wane ya gina bene a gida, wane ya koma Umra. Annabi (SAW) ya umarce mu da duban wanda ke ƙasa da mu, domin kada mu raina ni'imar Allah. Ga babban asibitin koyarwa na UCH nan kusa da mu. A cikinsa ba a rasa ɗan Arewa da haɗarin mota ko na okada ya kwantar, ba dangi, ba mai yi masa tafinta gaban likita. Awa ɗaya a bakin gadonsa za ta nuna maka darajar ƙafafun da ka taka ka zo da su, shi kuma ka cire masa kewa. Game da maƙabarta, Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana ziyararta da farko, daga baya ya yi umarni da a ziyarta, kuma ya bayyana cewa tana tunatar da mutuwa. Mun saba zuwa ne kawai in an yi rasuwa, a nan ma ana zuba ƙasa wasu suna amsa waya. Ka je ranar da ba a yi mutuwa ba, ka yi musu sallama da addu'a, ka tsaya kaɗan. Da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a nan ci-rani suka zo. Kowannensu yana da niyyar in ya tara kaza zai koma gida, in ya koma zai yi karatu, zai biya bashin wane, zai shirya da ɗan uwansa. Ƙasar kurmi ce ta rufe su.

Na shida, mutanen gida. Tura kuɗi ta waya ya zama mana al'ada, kuma alheri ne, Allah Ya ƙara buɗi. Sai dai tsohuwa ba lambar asusu ba ce. Akwai wanda duk wata saƙonsa yana isa, amma rabon da mahaifiyarsa ta ga fuskarsa shekara uku, kullum sai bayan sallah, sai kasuwa ta ɗan daidaita. Kasuwa ba ta taɓa daidaita ba tun zamanin kakanninmu. Wanda iyayensa ke raye, kada ya bari sai an kira shi ta'aziyya sannan ya samu kuɗin mota da lokacin da yake cewa babu. In tafiya ba ta samu ba, a kira a zauna a saurare su, ba kiran minti ɗaya na an ga saƙo ba.

Ya ku bayin Allah, ba mu ce a ɗauki shidan nan gaba ɗaya ba, kada a yi ɗaukar Dala ba gammo, ranar Talata a sauke. Kowa ya san turkensa. Ya zaɓi ɗaya kafin ya bar masallaci yau, ya ƙulla niyya don Allah, ya gaya wa matarsa ko abokin shagonsa domin a samu mai tuna masa, ya riƙe har Juma'a mai zuwa. Za a ji nauyi a kwana biyun farko, abokan majalisa za su yi tsiya, harshe zai yi ƙaiƙayin rantsuwa, hannu zai nemi waya. Wannan nauyin shi ne shaidar cewa igiyar da gaske take. Allah Ya faɗa a Suratur Ra'ad cewa ba Ya canza halin da mutane ke ciki sai sun canza abin da ke cikin zukatansu. Muna ta roƙon canji a kasuwa da ƙasa da shugabanni, to ga inda aka ce mu fara.

Ya Allah, Ka farkar da mu daga gafala kafin mutuwa ta farkar da mu. Ka sabunta imani a zukatanmu. Ka sa albarka a kasuwancinmu, Ka tsare mu daga haram da algus da rantsuwar ƙarya. Ka shirya mana 'ya'yanmu, Ka sanya ƙauna da tausayi a gidajenmu. Ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ka ba garin nan da ƙasarmu zaman lafiya. Matafiyanmu da ke kan hanya Ka sauke su lafiya, marasa lafiyarmu Ka ba su sauƙi, iyayenmu da malamanmu da suka riga mu Ka gafarta musu. Ka sa mu cika da imani a duk ƙasar da Ka rubuta mana. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.